Takalmin Hawan Dutse na Yini Guda: But, Na Gudun Daji, ko Na Tunkarar Dutse?

Akwai irin tafiyar dutsen da ake fita da sassafe a dawo kafin faɗuwar rana, amma a tsakiyarta sai hanya ta ƙare, manyan duwatsu su tare gaba, dole mutum ya soke sandarsa a jaka ya kama dutse da hannu. Wani wuri a ratsa ta tsagin da kafaɗu biyu ke gugar bango, wani wuri a haye falalen dutse mai gangare, wani wuri kuma a ɗaga gwiwa har kusa da ƙirji kafin a sami matakin gaba. Ba a buƙatar igiya, amma ba yawon shan iska ba ne. Duk wanda ke shirin irin wannan fita, abin da ya fi cinye masa tunani da kuɗi shi ne takalmi.

Abin da ke rikita zaɓin shi ne, a yini ɗaya ƙafa za ta taka ƙasa iri uku ko huɗu. Ɗauki Old Rag da ke gandun Shenandoah a jihar Birjiniya ta Amurka. Zagayensa kusan kilomita 15 ne, ƙololuwarsa mita 1,001, kuma ana hawan sama da mita 700 daga inda ake ajiye mota. Ana farawa cikin kurmi, ƙasa da saiwoyi. Wurin daddafen (wato hawa da hannu da ƙafa) da ya yi wa dutsen suna, inda ake kutsawa tsakanin ƙatti-ƙattin duwatsun giranit, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na zagayen ba. Bayan ƙololuwa sai gangara, a ƙarasa da doguwar hanyar tsakuwa wadda ke sa tafin ƙafa zogi. Ka kwatanta wannan da Tryfan a yankin Wales na Birtaniya: ta gefen arewa, ba ka yi nisa da bakin titi ba hannunka ya fara taɓa dutse, kuma haka za ka yi ta yi har ka hau kusan mita 600. Duka biyun hawan yini guda ne, amma ba takalmi ɗaya suke nema ba.

Takalma iri uku ne ke takara a nan. Akwai but mai dogon wuya, irin su Lowa Renegade da Salomon Quest. Akwai takalmin gudun daji, mara nauyi, irin su Hoka Speedgoat, Altra Lone Peak da Salomon Speedcross. Sai kuma takalmin tunkarar dutse, wanda tun asali aka yi shi don masu hawan bangon dutse da igiya su isa gindin bangon da shi, irin su La Sportiva TX4, Scarpa Crux da Five Ten Guide Tennie.

Abin da za a auna

Na farko, kuma uwa uba, riƙo. Abu biyu ke ba takalmi riƙo: taushin robar tafinsa da irin haƙoran da aka yanka mata. Roba mai taushi tana lotsawa ta shige ƙananan ramukan da ke fuskar dutse ta kama, mai tauri kuwa a samansu take tsayawa. Sai dai lamarin kamar na tayar mota ne, wadda ta fi kama kwalta ita ke saurin suɗewa. Babu kamfanin da ya tsallake wannan, kowanne dai yana zaɓar inda zai tsaya tsakanin riƙo da ƙarko. Su kuwa haƙora, don laka da ciyawa da ƙasa mai laushi aka yi su, su cije su riƙe. A kan falalen dutse ba su da abin cizo. Dogayen haƙora ma rage wa roba wurin taɓa dutse suke yi, kuma in aka ɗora musu nauyi a karkace sai su lanƙwashe ƙafa ta goce.

Wannan matsala ta girmi duk wanda zai karanta wannan rubutu. Kafin zuwan tafin roba, masu hawan tsaunukan Turai but mai ƙusoshi suke sawa su isa gindin dutse, sannan su canza zuwa takalmi mara nauyi don hawan. A 1935 mutum shida sun rasu a Punta Rasica, cikin tsaunukan Alps, da mummunan yanayi ya rutsa da su, kuma an ɗora babban kaso na laifin a kan takalman da ke ƙafarsu. Vitale Bramani, ɗan Italiya, abokinsu ne. A 1937 ya fito da tafin roba mai haƙora da ya kira Carrarmato, wanda daga gare shi kamfanin Vibram mai yin tafin takalmi ya taso. Burinsa takalmi ɗaya da zai yi tafiya ya kuma yi hawa, kuma har yau kan wannan burin ake ta ja-in-ja.

Dutsen ma ba iri ɗaya ba ne. Giranit busasshe yana da kaushi, kusan kowace roba ta kirki tana kama shi, amma inda ƙafafu suka goge shi shekara da shekaru, kamar mita 120 na ƙarshe a Half Dome na gandun Yosemite a Amurka inda aka kafa igiyoyin ƙarfe, sulɓi gare shi, in ruwa ya sauka kuwa abin ya zama na rai da mutuwa. Dutsen yashi irin na Angels Landing a jihar Yuta ta Amurka yana riƙe ƙafa, sai dai ɓurɓushin yashin da ke kwance a kansa na iya mirgina ta. Dutsen farar ƙasa yana gogewa ya yi sheƙi a wuraren da ake yawan takawa. Baƙin dutsen gabaro na tsaunukan Cuillin a tsibirin Skye na Birtaniya yana riƙewa ko da jiƙe, amma yana cin roba da fatar yatsu. Abu ɗaya ne babu robar da ta iya da shi: jiƙaƙƙiyar gansakuka.

Na biyu, yadda ƙafa ke zama a kan ƙaramin mataki. Hanya biyu ake tsayawa a kan dutse. Ko dai a manna tafin gaba ɗaya a fuskar dutsen, a sauke dunduniya, a bar roba ta yi aikinta. Ko a taka bakin wani ɗan tudu da bai fi faɗin yatsa biyu ba da gefen takalmin. Na farkon yana son tafi mai lanƙwasa, na biyun yana son mai tauri da ba ya naɗewa. Kaurin soson da ke tsakanin ƙafa da ƙasa ma yana da tasiri: in ya yi yawa, ba ka jin abin da ka taka, kuma kana tsaye ne a can sama, ƙafa ta fi saurin turguɗewa.

Na uku, nauyi. A 1984 masu bincike a wata cibiyar lafiya ta sojojin Amurka sun auna ƙarfin da mutum ke ƙonawa yana tafiya da but da kuma da takalmin gudu, kuma daga irin wannan awo aka samo lissafin da masu tafiyar dutse ke yawan faɗa, cewa nauyin da ke ƙafa yana gajiyarwa kusan ninki biyar na wanda ke bayan mutum. Ke nan ƙarin giram 300 a kowace ƙafa daidai yake da ƙarin kusan kilo uku a jaka, kuma tafiyar kilomita 15 ta kai taku 20,000. Gajiya ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce, domin a gangara, lokacin da cinyoyi suka fara rawa hankali kuma ya tafi gida, aka fi faɗuwa.

Sauran ma'aunan a bayyane suke: kariya daga tuntuɓe da ruwa da sanyi, ƙarko, kuɗi, da kuma tsawon lokacin da ƙafa ke ɗauka kafin ta saba da takalmin.

But

Shi ne abin da ke fara faɗo wa kowa a rai, kuma shi mai sayarwa zai fara miƙo maka. Guda ɗaya yakan kai giram 550 zuwa 800. Robarsa ta fi ta sauran tauri, haƙoransa manya ne, kuma a ƙarƙashinsa, daidai inda dunduniya ta fara, akwai wani ɗan tsani da ke aikin birki. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa mai gangare, ko laka, ko tsakuwa mai zubewa, wannan ɗan tsanin ya fi komai amfani: ka kafa dunduniya, ta nutse, ka tsaya. Cikin sauran biyun, takalmin gudu mai dogayen haƙora ne kaɗai ke kusantarsa a nan.

A kan dutse labarin rabi da rabi ne. But mai taurin tafi yana tsayawa da kyau a kan ƙaramin baki, kuma in ka cusa shi cikin tsagi ka murɗa, ba za ka ji zafi ba. Amma wajen manna tafi a falalen dutse yana da rauni, saboda ba ya lanƙwasa sosai, wuyansa kuma yana hana idon sawu karkatawa yadda ake so. Hancinsa ma ƙato ne, ba ya shiga ƙananan ramuka, kuma ba ka ganin daidai inda babban yatsanka ya sauka.

Maganar da aka fi tallata but da ita ita ce yana hana targaɗe. Ni ban cika sayen wannan magana ba. Ka kama wuyan but na zamani da hannu ka lanƙwasa shi, za ka ga yadi ne da soso. Abin da yatsunka suka iya lanƙwasawa ba zai tare nauyin jikinka da na jakarka ba in ƙafa ta karkace. Abin da wuyan ke yi da gaske shi ne kare ƙashin idon sawu daga bugun dutse, hana tsakuwa da ruwa shiga, da kuma ɗan tallafa wa mai ɗauke da kaya masu nauyi. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, sai dai ba su ne abin da ake sayarwa ba. Abin da ya fi tsare ƙafa daga turguɗewa shi ne dunduniya mai tauri da ta riƙe ta kam, da tafin da ba ya murɗewa.

Wajen kuɗi shi ya fi tsada, mai kyau yakan kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na sauran. Amma shi ya fi daɗewa, musamman na fata, kuma da yawa ana iya sake musu tafi. Yana da wani mugun hali da ya kamata kowa ya sani. But masu nagarta da yawa, soson tsakiyarsu na sinadarin foliyuritan ne, wanda danshin iska ke ruɓar da shi a hankali, kuma ajiya cikin zafi da laima tana gaggauta hakan. Sai ka ɗauko but ɗin da ya shekara bakwai a kabad, fes da shi kamar sabo, ka yi tafiyar awa biyu, tafin ya ɓalle gaba ɗaya soson ya zube kamar gari. Wanda ke fita sau ɗaya a shekara, shi wannan ya fi kamawa. Kafin ka yarda da tsohon but, ka danna soson da farce ka lanƙwasa tafin da ƙarfi. In ya tsage ko ya yi danƙo, kwanansa ya ƙare.

Shi ne kuma ya fi jinkirin sabo. Na fata yakan buƙaci fita da dama kafin ya daina yi wa dunduniya bororo.

Takalmin gudun daji

Giram 250 zuwa 330 guda ɗaya, samansa raga, tsakiyarsa soso mai taushi. Kana fitar da shi daga kwali ka sa ka tafi. A hanyar kurmi da hanyar tsakuwa babu kamarsa, kuma wanda ya dawo daga kilomita 20 da shi ƙafarsa ta fi ta mai but hutawa nesa ba kusa ba. In ya jiƙe yana saurin bushewa a ƙafa.

Sai dai sunan ɗaya ne, takalman ba ɗaya ba. Speedcross, alal misali, don laka aka yi shi: haƙoransa dogaye ne, a warwatse, kuma a kan jiƙaƙƙen dutse ba abin yarda ba ne. Speedgoat robarsa Vibram Megagrip ce, tana kama dutse sosai, amma kaurin tafinsa ya haura milimita 30, kana can sama a kan soso. Lone Peak yana da faɗin gaba, yatsu suna baje kolinsu, abin daɗi a doguwar tafiya, amma da ka taka ƙaramin baki da gefensa sai ƙafarka ta zame a cikin takalmin tun kafin takalmin ya zame a kan dutsen. Wanda ya dace da daddafe shi ne mai siririn tafi, mai matse ƙafa, mai gajerun haƙora kusa da juna, irin La Sportiva Bushido. Don haka wanda ya ce maka ya hau wani dutse da takalmin gudu lafiya lau, ka tambaye shi wanne.

Rauninsa biyu ne. Na farko, ba ya tsayawa a kan baki, yana naɗewa, dole yatsunka su yi aikin da tafin ya kamata ya yi. Na biyu, raga ba abokiyar dutse ba ce. Kamfanoni sukan ce irin wannan takalmi yana yin kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya mutu, amma wannan lissafin hanyar ƙasa ne. Ka cusa shi cikin tsagin giranit 'yan lokuta kaɗan, za ka ga ragar ta ɓule daidai gefen ƙaramin yatsa alhali tafin bai ko fara suɗewa ba. Kusan ba a sake masa tafi. Shi ya sa ko da ya fi but araha a ranar saye, in ka raba kuɗin da kilomitocin da ya yi, shi ya fi kowa tsada.

Kariya kaɗan ce. Tuntuɓe da shi yana kaiwa har farce, kuma dutse in ya mirgino kan idon sawu babu abin da zai tare.

Takalmin tunkarar dutse

Kamfanin Five Ten, wanda Charles Cole ya kafa a Kalifoniya a 1985, shi ake jingina wa farkon wannan iri da takalminsa Five Tennie: jikin takalmin wasa, tafin robar masu hawan bango. Adidas ta sayi kamfanin a 2011, yanzu kuma kusan duk masu yin takalmin tsauni suna da nasu.

Ka juya shi ka duba ƙasansa, za ka gane shi nan take. A can gaba, ƙarƙashin babban yatsa, akwai wani fili sumul da babu haƙori ko ɗaya, roba zalla mai kaifin baki. Bayan wannan filin haƙoran gajeru ne masu faɗi. Ka juyo samansa: igiyar ta sauko har kusan kan yatsu, ta yadda in ka iso wurin daddafe za ka zauna ka ƙara ɗaure gaban ya matse, in ka gama ka sassauta. Jikinsa galibi fata ce mai gashi-gashi, an zagaye ta da ɗamarar roba, wadda ke shanye gugar tsagi ta kuma ƙara riƙo in ka cusa ƙafa ka murɗa. Nauyinsa tsaka-tsaki ne, giram 350 zuwa 450.

A kan busasshen dutse bambancin ba na wasa ba ne. Falalen da mai but ke haurawa da gwiwa da tafin hannu, kai za ka miƙe tsaye ka taka shi. Ɗan bakin da takalmin gudu ke naɗewa a kai, wannan yana zama daram. Ga sabon shiga wannan yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: wanda bai yarda da ƙafarsa ba yakan kwanta wa dutse ya rungume shi, kuma da ka kwanta nauyinka ya bar kan tafinka, riƙon ya ragu, ka ƙara tsorata. Takalmin da ka yarda da shi yana sa ka tsaya a miƙe, tsayuwar kuma tana ƙara masa riƙo.

Farashin wannan riƙo ana biyansa a wuri uku. Soson siriri ne mai tauri, saboda haka doguwar hanyar tsakuwa ta dawowa tana dukan tafin ƙafa, kuma wanda ya saba da takalmin gudu zai ji kamar a kan katako yake tafiya. Robar tana saurin suɗewa a kwalta da tsakuwa, don haka wanda ya mayar da shi takalmin yawon gari ya ɓarnatar da kuɗinsa, ko da yake jikin yakan fi tafin daɗewa kuma wasu, kamar TX4, ana iya sake musu tafi. Na uku shi ne haɗarin gaske: jiƙaƙƙiyar ciyawa da laka. Gajerun haƙora suna cikewa da laka nan da nan, ba kuma kowanne ke da birkin dunduniya ba. Mutum sai ya wuce wurin da kowa ke tsoro lafiya, ya zo ya zame a gangaren ciyawar da bai ɗauka a bakin komai ba. In ƙarƙashin wannan ciyawar akwai kwazazzabo, takalmin da ya cece ka da safe shi zai ci amanarka da yamma.

Kuɗinsa kusan ɗaya da na takalmin gudun daji mai kyau.

| Ma'auni | But | Na gudun daji | Na tunkarar dutse |
|---|---|---|---|
| Nauyin guda ɗaya | giram 550 zuwa 800 | giram 250 zuwa 330 | giram 350 zuwa 450 |
| Busasshen dutse | matsakaici | ya danganta da iri | mafi kyau |
| Laka da jiƙaƙƙiyar ciyawa | mafi kyau | mai dogayen haƙora na da kyau | rauni |
| Doguwar hanya | yana gajiyarwa | mafi daɗi | tafin ƙafa na zogi |
| Kariya | sosai | kaɗan | yatsu da gefe sosai, idon sawu a buɗe |
| Ƙarko | shekaru | gajere | jiki na daɗewa, tafi na suɗewa |
| Kuɗin saye | mafi tsada | matsakaici | matsakaici |
| Sabo | a hankali | nan take | fita ɗaya ko biyu |

Dukkan ukun ana samunsu da shafin hana ruwa irin Gore-Tex a ciki, da kuma babu. A but, cikin sanyi da damshi, ya cancanci ƙarin kuɗinsa. A gajeren takalmi ban ga riba sosai ba: ruwa ta sama yake shiga, in ya shiga kuma shafin ya hana shi fita, sannan cikin zafi ƙafa tana jiƙewa da gumi, jiƙaƙƙiyar fata kuma ita ke saurin yin bororo.

Kambas na yawon gari, takalmin gudun kwalta, silifa da but na ma'aikata mai hancin ƙarfe, duk a bar su a gida. Haka ma takalmin hawan bango na ainihi, wanda ke lanƙwashe yatsu: ba a tafiya da shi, kuma hanyar da ta buƙace shi ta wuce hawan da muke magana a kai.

Kafin a biya kuɗi

Takalmin da bai zauna a ƙafarka ba, duk abin da aka faɗa a sama bai shafe shi ba. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka hau da ita, ta ulu ko ta zaren roba, ban da auduga mai riƙe gumi. Ka ɗaure sosai ka nemi wani gangare ko matakalar bene ka sauko. In yatsunka suna dukan gaba, to bayan awa biyu na gangara farcen babban yatsa zai yi baƙi. In dunduniya tana ɗagawa a ciki, bororo ne ke tafe. A but da takalmin gudu ana barin kusan faɗin babban yatsan hannu a gaba. A na tunkara ana rage wannan kaɗan, amma kada ka biye wa masu hawan bango da ke sayensa a matse, su tafiyarsu gajeriya ce. Daga nan ka taka bakin matakalar da gefen babban yatsa kaɗai, ka ɗora nauyinka, ka ji ko tafin ya riƙe ko ya naɗe. Mata su gwada samfurin mata da na maza duka, domin bambancin yana faɗin gaba da matsin dunduniya, kuma ƙafa ba ta karanta abin da aka rubuta a kwali.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowanne ka saya, ka yi 'yan gajerun fita da shi tukuna. Ranar hawan kuma, kafin ka ɗora ƙafa a dutse, ka goge tafin a jikin wandonka, don laka ko yashin da ke manne da shi yana kashe riƙon roba mafi tsada.

Wa ya dace da wanne

Ka fara da karanta bayanin hanyar. A Birtaniya ana ba daddafe daraja 1 zuwa 3. Striding Edge a dutsen Helvellyn na Ingila, Crib Goch a Wales da gefen arewa na Tryfan duk daraja ta 1 ne, kuma daga ta 2 mutane da yawa sukan ɗauki igiya. A Amurka aji na 2 shi ne inda ake ɗan taɓa dutse jefi-jefi, aji na 3 hannu yana aiki sosai, aji na 4 kuwa faɗuwa na iya kisa. Sai ka tambayi kanka abu biyu: awa nawa hannuna zai yi a kan dutse, kuma a ina ne zamewa za ta fi tsada?

In hanyar doguwa ce, daddafen gajere, dutsen busasshe mai kaushi, zamewa kuma ba ta wuce kurjewar gwiwa ba, kamar yawancin Old Rag a ranar da babu ruwa, takalmin gudun daji mai siririn tafi da roba mai kamawa ya isa, kuma ƙafarka za ta gode maka a hanyar dawowa. Haka ma doguwar rana irin ta Half Dome, muddin robar mai manne wa dutse ce.

In dutse ne tun daga ƙasa har sama, ko akwai siririn doron dutse da hagu rami dama rami, kuma yanayi a bushe yake, takalmin tunkara ne. Shi nake ba wanda tsayi ke ba tsoro, da kuma wanda ya san cewa daga wannan hawan zai nemi wanda ya fi shi.

In wurin mai yawan ruwa ne, ana ratsa fadama da gangaren ciyawa kafin da bayan dutsen, ko akwai sanyi, ko jakarka ta yi nauyi saboda kana ɗauke da kayan yara ko na ayari, but mai ɗan taurin tafi ne, kuma ka nemi mai siririn hanci da ɗamarar roba. Wanda idon sawunsa ya taɓa samun rauni mai tsanani ya tuntuɓi likitan ƙashi game da abin ɗaurewa na musamman, kada ya dogara da wuyan but. In akwai ƙanƙara a hanyar, wannan wani babi ne daban, da kayansa da horonsa.

Mai kuɗin takalmi ɗaya tak, wanda ke zaune a wuri mai bushewa kuma daddafen ne ya ja shi zuwa dutse, ya sayi na tunkara mai ɗan kaurin soso da haƙoran da suka ɗan fito a dunduniya, kada kuma ya taka kwalta da shi sai dole. In inda yake ruwa ya fi rana yawa, ya sayi but, ya riƙa sa shi a kai a kai don kada soson ya ruɓe a ajiye.